Babur Mai ABS, Mai Birkin Haɗi, Ko Mai Birkin Da: Wanne Ya Dace Da Tafiyar Ayari?

Duk inda masu babura suka yada zango a gefen hanya aka tuɓe hulunan kwano, hira ba ta wuce abu biyu: hanyar da za a bi gaba, da wanda ya kusa kifewa a kwanar da aka baro. Daga nan sai a gangaro kan birki, kuma da wuya a tashi ba a sami mai kawo zancen jirgin sama ba. Wani ya ce injin jirgi ne ke juyawa da baya shi ya sa yake tsayawa. Wani ya ce a'a, iska ce ke tare shi. Wani kuma ya ce ABS ɗin nan da ake ta musu a kansa, wato na'urar da ke hana taya kafewa in an kama birki, ai daga jirgi aka ɗauko shi. Mai maganar ƙarshen nan ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar tasa tana da amfani ga duk wanda ke shirin sayen babur don bin 'yan'uwa zuwa hanyoyin duwatsu, domin zaɓin da ke gabansa ya ta'allaƙa ne a kan abin da aka ɗauko daga jirgin da kuma abin da aka baro a can.

Mu fara da yadda jirgin fasinja ke tsayawa, tunda shi ne tushen musun. Yana taɓa ƙasa da gudun da ya kai wajen kilomita 250 a awa, fukafukansa kuma ba su daina ɗaga shi ba. A wannan lokacin tayoyin suna shafar kwalta ne kawai, nauyin jirgin bai sauka a kansu ba, don haka ko an taka birki ba abin da zai kama. Shi ya sa abin da mai zama kusa da taga zai fara gani shi ne wasu alluna sun miƙe tsaye a saman fiffike. Aikinsu su ɓata iskar da ke ɗaga jirgin, nauyi ya zauna a kan taya, sannan birki ya sami abin damƙa. Ƙarar da ake ji bayan haka ba injin ne ya juya da baya ba, wasu ƙofofi ne suka buɗe a jikinsa suka karkatar da iskar da yake hurawa ta koma gaba. Tana taimakawa, musamman a jiƙaƙƙen titi, amma babban aikin birkin tayoyi ne ke yin sa, har ma a lissafin da hukumomin jiragen sama ke yi na tazarar sauka a busasshen titi ba a sa taimakon injin a ciki.

Wannan darasin na allunan fiffike shi ne wanda na fi so mai babur ya riƙe. Ɗora tafin hannunka a kan tebur ka ja shi, zai sulale. Danna shi da ƙarfi ka sake ja, za ka ji ya cije. Haka taya take da kwalta: gwargwadon nauyin da ke kanta, gwargwadon kamun da za ta yi. A jirgi, mafi yawan nauyin yana kan manyan tayoyin da ke tsakiya, nan aka sa birki, tayoyin gaba kuwa galibi ba su da birki sam. A babur abin ya juye. Da zarar ka fara rage gudu, nauyinka da na babur sai su tura gaba, gaban ya nitse, tayar baya ta yi sakayau. Saboda haka birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, a tsayawar gaggawa ma ya fi haka. Amma nauyin nan ba ya isa gaba nan take, yana buƙatar ɗan lokaci, ko da rabin daƙiƙa ne. Wanda ya fizgi hannun birki a firgice ya nemi taya ta kama ƙasa kafin a ɗora mata nauyi, sai ta kafe, ta daina juyawa. Jirgi in tayarsa ta kafe, robar ce za ta ƙone ko ta fashe. Babur in tayar gaba ta kafe, mutum ne zai kwanta a kwalta, kuma sau da yawa kafin ya san abin da ya faru.

Matsalar kafewar taya ta daɗe tana damun masu jirgi. Tun a shekarun 1920 Bafaranshen nan Gabriel Voisin ya gwada dabarar sassauta matsin birki a jiragensa. A farkon shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da Maxaret, na'urar da babu kwamfuta ko ɗaya a cikinta. Faifan ƙarfe ne mai nauyi ke juyawa tare da taya. In taya ta rage juyi farat ɗaya, faifan ba ya iya tsayawa da ita, sai ya wuce gaba, wucewar tasa ta buɗe bawul, man birki ya koma, taya ta saki ta ci gaba da juyawa. A 1958 masu binciken hanyoyi na Ingila suka ɗaura wannan na'urar a babur ƙirar Royal Enfield Super Meteor suka gwada, amma ba ta shiga kasuwa ba. Mota ce ta riga: Jensen FF a 1966, sannan Mercedes da na'urar Bosch mai aiki da lantarki a 1978. Sai a 1988 kamfanin BMW ya sa ABS a babur ɗinsa K100, na'urar kuma ta ƙara wa babur ɗin nauyin da ya kai wajen kilo 11. Ta yau ƙarama ce ƙwarai, tana ɓoye a ƙarƙashin tanki ko kujera ba ka ma san tana nan ba. Aikin dai ɗaya ne: akwai zoben ƙarfe mai ramuka a jikin taya, akwai 'yar na'ura da ke ƙirga wucewar ramukan, in ta ga taya na shirin kafewa sai ta saki birkin ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Taya ta fi kama ƙasa ne a lokacin da take ɗan zamewa kaɗan tana kuma juyawa, ABS yana ƙoƙarin riƙe ta a daidai wannan gaɓar.

To ga abin da ke kasuwa. Akwai birkin da, inda hannunka da ƙafarka ne kaɗai alƙalai. Akwai birkin haɗi, wanda ake rubuta wa CBS, inda taka na baya ke jawo wani kaso na na gaba. Sai ABS, shi ma kashi uku ne: na tayar gaba kaɗai, na tayoyi biyu, da kuma wanda ke gane karkatar babur a kwana.

Birkin da yana da masoya, kuma dalilansu ba na banza ba ne. Ba shi da waya, ba shi da na'ura, duk makanikin da ya san babur zai gyara shi a gefen hanya. Babur ɗin ya fi araha. Hannun birkin yana gaya maka abin da taya ke ciki ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Gaskiya ne kuma cewa ƙwararren mahayi, a busasshiyar kwalta mai kyau, in ya san daidai inda zai fara kama birki kuma an ba shi damar gwadawa sau da dama, yana iya tsayawa a tazarar da ta yi daidai da ta ABS ko ta ɗan fi ta gajarta. Sai dai ka lura da sharuɗɗan da na jero. Hanya ba ta ba mutum ko ɗaya daga cikinsu. Ba ta faɗa maka cewa bayan wannan kwanar akwai yashi da ruwan sama ya jawo, ko man dizil da babbar mota ta zubar, ko dabba tsaye a tsakiyar layi. Gwaji ɗaya take bayarwa, a lokacin da zuciyarka ta yanke. Abin da na fi gani ga masu birkin da ma ba faɗuwa ba ne, tsoron faɗuwa ne. Mutum ya taɓa jin gaba ta zame masa sau ɗaya, daga ranar ya daina yarda da birkin gaba na hannun dama, ya koma dogaro da na baya na ƙafa. Irin wannan mahayin yana yawo da rabin birkin da ya saya, kuma a cikin ayari shi ne wanda ya fi ba ni tsoro.

Birkin haɗi an yi shi ne saboda wannan mutumin. Tun shekarun 1970 kamfanin Moto Guzzi na Italiya ke haɗa birkin gaba da na baya, Honda ma ta daɗe tana yi, yau kuma shi ne ya cika ƙananan babura. In ka taka na baya, sai wani kaso na ƙarfin ya tafi gaba, babur ya tsaya a miƙe kuma a gajeriyar tazara fiye da in da baya kaɗai aka taka. Wannan ci gaba ne na gaske ga ƙaramin babur mai yawon cikin gari. Amma birkin haɗi ba ya ganin taya, bai san ta kafe ko ba ta kafe ba. Rabon ƙarfi kawai yake yi. In ka matse fiye da abin da kwalta za ta ɗauka, za ka zame kamar kowa. Dokokin ƙasashe ma sun nuna wannan bambancin: Tarayyar Turai ta wajabta ABS ga sababbin samfuran babur da suka wuce cc 125 tun daga 2016, Indiya ta bi sahu ga duk sababbin babura masu wannan girman daga 2019, birkin haɗi kuwa an amince da shi ne ga ƙananan kawai. Don doguwar tafiya a babbar hanya da gudun kilomita 90 ko 100, ba zan zaɓe shi a kan ABS ba.

ABS na tayar gaba kaɗai shi ne wanda ake yawan rainawa, ni kuwa ina ganin ya fi yadda ake ɗaukarsa. Tunda kafewar gaba ce ke kayar da mutum nan take, wanda ya tsare gaba ya tsare babban haɗarin. Bayan tana iya kafewa ta yi ta wutsil-wutsil, amma muddin babur yana miƙe, mutum kan iya riƙe ta. Inda raunin yake shi ne gangara mai santsi da kaya ko fasinja a baya, ko kuma kwana: in bayan ta zame gefe sannan mahayi ya saki birki farat ɗaya, taya kan kama ƙasa da ƙarfi ta cilla shi sama ta kan babur, wannan kuwa tana cikin munanan faɗuwa. Don haka in kuɗinka ya tsaya tsakanin birkin haɗi da ABS na gaba, ɗauki ABS na gaba. In ya kai na tayoyi biyu, kada ka tsaya a na ɗaya.

Na tayoyi biyu shi ne zaɓina ga mafi yawan masu tafiyar ayari, kuma akwai hujja a bayansa da ta wuce ra'ayi. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta kwatanta samfuran babur iri ɗaya, masu ABS da marasa shi, a binciken da ta fitar a 2021, ta sami ragin kashi 22 cikin 100 na haɗurran da ake rasa rai a wajen masu ABS. Amfaninsa mafi girma a ganina yana cikin zuciyar mahayi: ya san in ya matse da dukkan ƙarfinsa gaba ba za ta kafe ba, saboda haka yana matsewa. Birkin da aka yi amfani da shi gaba ɗaya ya fi wanda ake jin tsoronsa, ko da na biyun ya fi tsada da girman faifai.

Yana da nasa aibin, kuma bai kamata a ɓoye ba. A kan tsakuwa ko yashi, tayar da ta kafe takan tara ƙasa a gabanta, tarin ya taimaka wajen tsayar da babur. ABS na kwalta ba ya barin haka ta faru, sai ya yi ta sakin birki, tazarar tsayawa ta ƙaru. A gangara mai tsakuwa mutum kan ji kamar birkin ya ƙi aiki. In ayarinku yana yawan sauka daga kwalta, nemi babur da ake iya kashe ABS ɗin baya, ko mai tsarin da aka ware don hanyar ƙasa; yawancin baburan da aka ƙera don tafiyar daji suna da shi. Sai batun gyara. Zoben na iya lanƙwasa wajen canjin taya, wayar na'urar na iya tsinkewa, akwatin da ke sarrafa man kuwa in ya lalace yana da tsada, ba kuma kowane makaniki ne ke da kayan duba shi ba. Abin da ke kwantar da hankali shi ne a galibin babura in ABS ya mutu, birkin yana ci gaba da aiki a matsayin birkin da, fitila ce kawai za ta kama a mita ta sanar da kai.

Na saman su duka shi ne mai gane kwana. ABS na yau da kullum yana ɗauka babur a tsaye yake, kamar yadda na jirgi ke ɗauka jirgi na tafiya a miƙe a kan titinsa. Amma babur a kwana kwance yake, taya ta riga ta kashe wani kaso na kamunta wajen riƙe shi a cikin lanƙwasar, abin da ya rage wa birki kaɗan ne. Ƙari a kan haka, kama birkin gaba a kwana yana sa babur ya nemi miƙewa, ya fita daga layinsa zuwa inda motar da ke tahowa take. A ƙarshen 2013 kamfanonin Bosch da KTM suka fito da tsari a babur ƙirar 1190 Adventure wanda ke auna karkatar babur yana daidaita matsin birki da ita. Yanzu ya sauko har zuwa wasu matsakaitan babura. In hanyoyinku irin na Tail of the Dragon ne a iyakar jihohin Tennessee da North Carolina na Amurka, mai kwana 318 cikin mil 11, wannan ƙarin ya cancanci kuɗinsa. In mafi yawan tafiyarku shimfiɗaɗɗiyar hanya ce mai kwana jefi-jefi, gara ka sa bambancin kuɗin a tayoyi masu kyau da rigar kariya. Ba ya ƙirƙiro kamun da babu shi. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin taya, ba na'urar da za ta dawo da shi.

Yanzu ga inda zaɓin ya daina zama naka kai kaɗai. Mai tafiya shi ɗaya, birkinsa matsalarsa ce. A ayari kuwa, birkin na gabanka ma matsalarka ce. Bari mu yi lissafi, ba wani bincike ba ne, lissafi ne da kowa zai iya bi. A gudun kilomita 100 a awa, babur yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mahayin da ya damƙe birki sosai a busasshiyar kwalta, yana zubar da kusan kilomita 28 daga gudunsa duk daƙiƙa, zai tsaya a cikin mita 49. Wanda ke jin tsoron birkin gaba, yana zubar da kilomita 18 kawai duk daƙiƙa, sai ya ci wajen mita 78. To a ce na biyun yana bin na farko da tazarar daƙiƙa biyu, wato mita 56, tazarar da ake koyarwa ke nan. Na gaba ya tsaya a mita 105 daga inda na baya yake lokacin da fitilar birki ta kama. Na baya ya ɓata daƙiƙa ɗaya kafin hannunsa ya motsa, mita 28 ke nan, ya ƙara 78, ya zama 106. Ya bi ƙa'ida, bai yi ganganci ba, amma ya taɓa ɗan'uwansa. In kuwa a wannan daƙiƙar idonsa yana kan kwarin da ke gefen hanya, wanda shi ne dalilin fitowar tun farko, to ba taɓawa za a kira abin ba.

Wannan shi ne abin da ya sa nake cewa haɗa babura masu birki daban-daban a ayari ɗaya yana buƙatar a zauna a yi magana kafin a tashi. Tsarin da aka saba, wanda hukumar koyar da tuƙin babur ta MSF a Amurka ke koyarwa, shi ne jagaba ya riƙe ɓangare ɗaya na layin, na biyu ya riƙe ɗaya ɓangaren da tazarar daƙiƙa ɗaya, na uku ya koma bayan jagaba da tazarar daƙiƙa biyu, haka har ƙarshe, kuma ayarin ya tsaya a mutum biyar zuwa bakwai. In an fi haka a raba gida biyu. Tsarin yana da kyau a miƙaƙƙiyar hanya. Da an shiga kwana-kwana, ko kwalta ta lalace, ko ruwa ya sauko, sai a koma layi ɗaya kowa ya buɗa tazara, domin kowane mahayi yana buƙatar faɗin layin gaba ɗaya. Sababbin hannu da masu birkin da su zauna kusa da jagaba, saboda a wutsiyar ayari ne abin ya fi tsanani: jagaba ya ɗan ƙara wuta kaɗan, kafin saƙon ya isa ga na bakwai sai ya zama dole ya yi gudu sosai ya cim musu, in jagaba ya ɗan taɓa birki kuma na ƙarshe sai ya damƙe. Amma a ba su daƙiƙa uku maimakon biyu, kuma jagaba ya san wanda ke bayansa ba zai iya tsayawa kamar shi ba. Mai rufe baya ya zama gogagge, mai babur da birkinsa ba shi da shakka. Batun kallo kuwa, a sanya wuraren tsayawa tun kafin a tashi, a faɗa wa kowa. Mutumin da ya san za a tsaya a saman dutse ya kalli kwari son ransa ba zai riƙa satar kallo a tsakiyar kwana ba. Babur inda ido ya kalla yake bi.

Akwai abu guda kuma da ABS ba ya taɓawa ko kaɗan, masu jirgi kuwa sun ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai: zafi. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Birkin babban jirgi kan yi ja wur in aka fasa tashi a tsakiyar gudu, shi ya sa ake yin faifansa da kabon, ake kuma sa wasu matosai a jikin ƙafar tayar waɗanda ke narkewa su saki iska a hankali kafin taya ta fashe. Mai babur yana haɗuwa da ƙaramin nau'in wannan a doguwar gangara. Hanyar Stelvio a arewacin Italiya tana hawa har mita 2,757, ɓangarenta na arewa yana da kwana 48 masu naɗewa, mai saukowa kuma zai sauke sama da mita 1,800 cikin kusan kilomita 24. Wanda ya ɗora ƙafa a birkin baya tun daga sama yana jan sa a hankali, zai iya isa tsakiya ya taka ya ji ba komai. Dalili shi ne man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki nau'in da ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin kan sauko zuwa wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututun, tururi kuwa matsuwa yake yi, hannun birki ya tafi har jikin kan babur ba tare da ya kama ba. Maganin ba ya cikin jerin abubuwan da mai sayarwa zai nuna maka: a canja mai duk shekara biyu, a sauko da ƙaramar giya injin ya riƙe babur, a kama birki da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana sannan a sake shi ya huce. A ayari wannan ya fi wuya, domin in na gabanka yana jan birki kai ma sai ka ja. Buɗa tazara a gangara shi ke ba ka damar riƙe babur da giya.

In na tattara hukuncina ga mai saye: babbar hanya da ayari, ABS na tayoyi biyu. Kwana-kwanar duwatsu a kai a kai, kuma aljihu ya yarda, ƙara mai gane kwana. Rabin tafiya a hanyar ƙasa, wanda ake iya kashe na baya. Ƙaramin babur, ABS na gaba kafin birkin haɗi, birkin haɗi kafin na da. Wanda kuma ya riga ya mallaki babur mai birkin da, yana son abinsa, ban ce ya sayar ba, amma kada ya sayi ƙananan bawul ɗin nan da ake ɗaurawa a bututun birki ana kiran su ABS. Ba su ƙirga juyin taya, ba su san komai game da ita ba, rage ƙarfin birkin kawai suke yi. Kuɗin ya tafi ga taya mai kyau, domin ABS na gaske ma da kamun da taya ta ba shi yake aiki.

Ko wanne ka ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi fili mai kwalta da babu motoci, fara da kilomita 30 a awa, ka koyi matsa hannun birki mataki biyu: a hankali har gaban ya nitse, sannan da ƙarfi. In mai ABS ne, ci gaba har ka ji hannun ko fedar ƙafar tana karkarwa. Mutane da yawa suna sakin birki a karon farko da suka ji wannan karkarwar, suna zaton wani abu ya karye, alhali na'urar ce ke aikinta kuma abin da ake so shi ne a ci gaba da matsewa. In babur ɗin na hannu za ka saya, kunna makulli ka duba fitilar ABS a mita: ya kamata ta kama, ta zauna a kunne, sai babur ya fara tafiya kaɗan sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, ka tambayi dalili, domin akan cire ƙwan fitilar don a ɓoye lalacewa. In ta ƙi mutuwa bayan an yi tafiya, to na'urar ba ta aiki, sai a cire kuɗin gyaranta daga farashin kafin a yi ciniki.